Ƙaramin Ƙarfen Matsi a Kasuwar Katako ta Yamai

Wanda ya bi hanyar mota daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, zai ga itatuwa iri-iri, amma da wuya ya ga wanda za a tsaga a fitar da falankin ƙofa. Gawo ne tsaitsaye a gonakin gero, da aduwa, da magarya, da kalgo, da sabara, sai goriba a inda ƙasa ke da damshi. Manoman yankin Maraɗi sun yi suna wajen rainon kututturen da ya toho a gona maimakon sassabe shi, aikin da ya kankama tun farkon shekarun 1980, kuma matafiyi na ganin amfaninsa ta tagar mota. To amma itacen inuwa da girki da abincin bisashe daban, itacen kafinta daban. Kusan duk falankin da ake dukan ƙusa a kansa a Nijar, tirela ce ta ɗauko shi daga dazuzzukan ƙasashen bakin teku.

Daga Kano na taso, ta Katsina da Jibiya, muka ƙetare iyaka a Magama, aka duba takardunmu a Ɗan Isa, sannan Maraɗi. Nan na kwana, da asuba na shiga babbar safa mai zuwa Yamai. Kowane gari da abin da yake miƙo wa matafiyi: Madawa da tabarmin kaba, Galmi da albasarta da ta kai har kasuwannin Abijan da Akara, Malbaza da ƙurar kamfanin siminti, Birnin Ƙonni da 'yan canji da masu sayar da fetur a kwalba. Bayan Dogon Dutsi sai Hausa ta fara raguwa a bakin 'yan talla, Zabarmanci ya fara yawa. Wajen Kure direba ya rage gudu ya ce mu zuba ido, nan ne mazaunin mafi yawan raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma. Ko ɗaya ba mu gani ba. Ƙarshen hunturu ne, bazara ta fara leƙowa, leɓen kowa a motar ya tsage.

Ɗaurin aure ne ya kai ni. Sai dai ni ma'aikacin ofis ne mai kashe ranar Asabar da zarto da gam a zaure, ina harhaɗa ƙananan akwatuna da firam ɗin hoto da kantar littattafai. Mai irin wannan ciwon, in ya sauka baƙon gari, kasuwar kayan aiki yake fara tambaya kafin wurin cin abinci. Ana watsewa daga biki na ce wa ƙanena ya kai ni Katako.

Kasuwar tana cikin gari, ba ta da nisa da filin wasa na Seyni Kunce. Bakano zai tuna 'Yan Katako na Na'ibawa da Ƙofar Ruwa a haɗe, mutumin Kaduna kuma zai ce ai Panteka ce. Ga kwanon rufi, ga rodi, ga tsofaffin ƙofofi da tagogi. Ga masu narka gwangwanaye da tarkacen alminiyom suna zuba tukwane a cikin yashi, ga masu farke ganga suna mayar da ita akwatin ƙarfe ko murhu. Ƙarar guduma ba ta yankewa. Baƙo daga Najeriya sai ya yi hattara da lissafi, don a nan da dala ake ciniki, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In an ce maka dala ɗari, 500 ake nufi. A layin masu katako kuma magana biyu ce: fari ko ja. Farin ba shi da nauyi, yana da sauƙin yanka da sauƙin kuɗi. Jan ya fi tauri, ya fi tsada, gara ma ta fi jin nauyinsa.

Ƙarfen matsi iri uku na tarar. Na farko na magina ne: doguwar sandar ƙarfe mai faɗi, bakinta lanƙwashe, da wani baki mai zamewa wanda ake ɗaurewa da bugun guduma. Da shi suke kama allunan da ake zuba kankare a ciki, kuma tari-tari ake sayar da shi. Na biyu ƙirar masu walda ne na nan cikin kasuwa, tsawonsa ya kai mita ɗaya ko fiye, an yi masa sukuru da ƙaton noti, na haɗa ƙofa da saman tebur. Na ukun, wanda na zo nema, sai da muka sha yawo kafin muka same shi a cikin wani daro, gauraye da kwaɗo da filaya da tef ɗin awo.

Ƙanana ne, masu buɗa santimita 10, da 15, da 30. Wasu masu sukuru ne, wasu masu kunama irin ta bindiga. Mai sukuru tsohon hannu ne; kamfanin Bessey na Jamus ya fitar da nasa na zubin ƙarfe tun 1936. Mai kunama kuwa a Amurka aka ƙirƙiro shi, a jihar Nebraska, wajen ƙarshen shekarun 1980, da sunan Quick-Grip. Na cikin daron nan kwaikwayo ne daga Sin, yawancinsu ko suna babu a jiki.

Dabarar mai sukuru tana burge ni duk lokacin da na riƙe shi. Bakin ƙasa yana zamewa a kan sanda ba tare da wani makulli ba, domin ramin da sandar ta ratsa ya ɗan fi ta faɗi. Da zarar ka murɗa sukuru ya tokari katako, sai bakin ya ɗan karkace ya ciji sandar, kuma iya murɗawarka iya cizonsa. Mai kunama ma haka ne, wasu 'yan faranta ne na ƙarfe a cikin mariƙinsa suke karkacewa su kama sanda, kowace matsa ta tura bakin gaba kaɗan. Shi ya sa ba a shafa wa sandar mai. Sukuru ake ɗiga wa mai, sanda kuwa a goge ta da busasshen tsumma, a kankare gam ɗin da ya bushe a kanta. Fa'idar mai kunama ita ce hannu ɗaya ya ishe shi, ɗaya hannun na riƙe da aiki, kuma da yawansu ana iya juya bakinsu su koma masu buɗa abu maimakon matse shi, abin da ke da amfani wajen kwance tsohuwar kujera. Fa'idar mai sukuru ita ce ƙarfi, da kuma iya ƙara matsi kaɗan-kaɗan.

Na ɗauki guntun katako a ƙasa na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani bakinsa biyu ba sa haɗuwa daidai, wani sandarsa na lanƙwasa tun kafin hannu ya ji nauyi, wani kuma yana sulluɓewa. Mai kayan yana kallona, ya ce, "Alhaji, waɗannan fa na ƙaramin aiki ne. Kafintoci ba sa waiwayarsu." Na tambaye shi masu saye, ya ce masu firam, da masu aikin gilashi da alminiyom, sai ɗaliban makarantun koyon sana'a. Na zaɓi masu kyau daga ciki, muka yi ciniki.

Maganarsa ta sa na tsaya a wata rumfar kafinta da ke kusa, inda ake haɗa bencin makaranta. Ban daɗe ba na gane dalili. Maigida zai aza falanki ya ce, "Kai, riƙe nan!" Yaro ya danne da hannu da gwiwa, ƙusa uku su shige, a wuce na gaba. Da na nuna masa abin da na sayo, ya jujjuya shi ya yi dariya: "Malam, ga yara cike da shago, me zan yi da wannan?" Ban ga laifinsa ba. Mai benci yau yake son kayansa, kuma a kan farashin da ba ya barin a jira gam ya kama. Ƙusa nan take take riƙewa; farin gam kuwa yana son a matse shi na rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma sai ya kwana ya wuni kafin ya yi cikakken ƙarfi.

Sai dai kowa ya san ƙarshen irin wannan benci. Katakon da aka yanka a kurmi yana isowa da ruwa a jikinsa, ya tarar da garin da damshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a watannin Fabrairu da Maris, zafi kuma ya haura digiri 40 a Afrilu. Katako ba ya raguwa ta tsawo sai ɗan abin da ba a lura da shi, ta faɗi yake tsukewa. Falanki mai faɗin santimita 30 na iya rasa rabin santimita ko fiye. Ramin ƙusa ya saki, ƙafa ta fara rawa, saman tebur ya buɗe baki. Mu ma a Kano da Katsina da Sakkwato abin da ke cin kujerunmu ke nan, muna ɗora wa yara laifin tsalle-tsalle. Kuma kada a ce gam da ƙarfen matsi za su yi maganin wannan su kaɗai. Ɗanyen katako, ko da me ka haɗa shi, sai ya motsa.

Inda na ga ƙaramin ƙarfen a gidansa shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yanzu yake ɗauke da sunan Bubu Hama, marubuci kuma tsohon shugaban majalisar dokokin Nijar. Wuri ne mai faɗi a gangaren da ke kallon kogin Kwara, ba nisa da gadar Kennedy. Akwai namun daji, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamada, akwai gawar itacen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar sahara har wata mota ta banke shi a 1973. Yara can suka fi cincirindo. Ni kuwa rumfunan masu sana'ar hannu na nufa, inda maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa ke aiki a gaban mai kallo.

A ƙarshen wani layi na sami wani dattijo Buzu, rawani har hanci, yana haɗa ƙananan akwatunan katako da ake lulluɓewa da jan fata mai zane, da kuma firam ɗin da ake jera kayan adon azurfa 21 na garuruwan Nijar, irin su na Agadas da Tawa da Ingal da Damagaram. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yawwa, Malam, bismilla ga tabarma." Na zauna har rana ta take tsaka, kuma abin da na gani ya fi duk abin da na taɓa karantawa a kan wannan aiki.

Katakonsa ba sabo ba ne. Ya nuna mini saman rumfa, inda ya jera falankai suna shan iska. Ya ce ba ya taɓa wanda bai ci hunturu guda a nan ba. Gindin akwati kuma da filawud yake yi, tunda shi ba ya tsukewa. Kafin ya buɗe robar gam sai ya haɗa ɓangarorin huɗu a bushe, ya ɗaura ƙarafan matsi, ya ɗaga akwatin sama ya leƙa ko haske na ratsa mahaɗa. In ya ga haske sai ya kwance ya koma kan sanfefa. Ya ce abin da bai zauna da hannu ba, ƙarfe ba zai zaunar da shi ba, sai dai ya ɓoye aibin na ɗan lokaci.

Da komai ya zauna, sai ya bar kowane ƙarfe a buɗe daidai faɗin da ake so, ya jera su gefen dama, sannan ya shafa gam da yatsa, siriri, a fuska biyu. Daga nan babu hira. A jikin roba akan rubuta cewa kana da minti 5 zuwa 10 kafin gam ya fara yin fata, amma wannan lissafin ɗaki mai sanyi ne. A zafin Yamai ba ya kaiwa haka, shi ya sa dattijon ke yin haɗi da safe kawai. Ƙarfe biyu ta tsawo, biyu ta faɗi, kowane baki da ɗan guntun katako a ƙarƙashinsa don kada ya bar tabo a jikin farin katako mai laushi, kuma don matsin ya bazu. Inda sanda za ta taɓa ɗanyen gam sai ya sa takarda, domin ƙarfe da jiƙaƙƙen gam in sun haɗu a kan jan katako baƙin tabo suke bari. Yana matsawa kaɗan nan, kaɗan can, yana zagayawa, har gam ya tsattsafo ƙanana-ƙanana a tsawon mahaɗa. Nan ya tsaya.

Sai ya ɗauko siririn kara ya auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. Ɗaya ta ɗan fi tsawo. Ya sassauta ƙarfe guda, ya ɗan karkata shi ya bi doguwar kusurwar, ya sake matsawa, ya auna, suka zo daidai. Gam ɗin da ya tsattsafo bai goge shi nan take ba. Ya bari sai da ya yi danƙo, ya bi shi da bakin wuƙa ya ɗauke, don wanda aka goge ɗanye yana shiga jikin katako ya hana shi shan launi. Fatar kuwa ba ta bukatar matsi. Gam ɗin masu takalma ake shafa wa fuska biyu, a bari ya sha iska, a manna, a bi da ƙashi mai santsi.

Da na koma masauki na yi wani ɗan lissafi da ya bayyana mini dalilin da ƙaramin ƙarfe ya wadatar da dattijon amma ba zai wadatar da mai ƙofa ba. Masu yin farin gam suna ba da shawarar matsin kilo 7 zuwa 10 a kan kowane murabba'in santimita na katako mai laushi, mai tauri kuma ya fi haka. Masu ƙera ƙarafan kirki kan rubuta ƙarfinsu: ɗan mitsitsin mai kunama wajen kilo 15, mai santimita 15 wajen kilo 60 zuwa 70. Kusurwar akwati mai kaurin santimita 1 da tsayin 5 ba ta wuce murabba'i 5 ba, wato kilo 50 ya ishe ta, ƙarfe ɗaya ke nan. Amma ka ce za ka haɗa falanki biyu masu kaurin santimita 2 da tsawon mita ɗaya, murabba'i 200 ke nan, kana neman abin da ya haura tan guda. Sa ƙaramin ƙarfe wannan aikin ɗora wa jaki kayan raƙumi ne: sanda ta lanƙwashe, baki ya karkace, aikin ya fito a murɗe. A nan dogon ƙarfen masu walda ne maganin, a jera su ɗaya sama ɗaya ƙasa don kada allon ya bankare.

Wajen firam kuwa dattijon bai dogara da ƙarfe ba. Kusurwar firam a karkace ake yanka ta, in ka matsa ta gefe ɗaya sai ta zame. Sai ya sa 'yan katakai huɗu masu siffar kusurwa, ya zagaye duka da robar cikin taya da aka yanka siririya, ya ja ya ɗaure. Ƙananan ƙarafan aikinsu kawai su danne firam ɗin a kan allo don ya kwanta sumul. Bayan ya bushe ya ƙara 'yar siririyar ƙusa a kowace kusurwa, domin gam ba ya kama kan katako yadda yake kama gefensa. A ganina robar nan ba ta da abin jin kunya a gaban kayan kanti. Ga abu mai zagaye, ko ƙafar kujera da ta tsage, ko ƙwaryar goge da gurmi, ta fi kowane ƙarfe, kuma kusan kyauta ce a wurin mai faci.

A hanyar fita na bi ta wurin masu sayar da turmi da akushi da kujerar tsugunno da allon karatu, sai na tuna cewa sana'ar itace ta kakanninmu ba ta san matsi ba sam. Masassaƙi gungume guda yake samu, na ƙirya ko aduwa, ya bi shi da gatari da gizago har abin da yake so ya fito. Babu mahaɗa, balle gam. Ƙwarya in ta fashe gyartai ne ke ɗinke ta. Haɗa falanki da falanki baƙon aiki ne da ya yaɗu da zuwan injin tsaga katako, kuma mun karɓi zarto da guduma hannu biyu-biyu, muka yi sakaci da sauran kayan. Ga shi kuwa yaranmu gwanayen haɗe-haɗe ne tun suna ƙanana. A unguwar da na sauka na ga wasu suna ƙera mota da ɓargon kara da ƙaya da murfin kwalba, ɗaya na riƙe, ɗaya na sokawa. Yaron da ya iya wannan, in aka ba shi guntayen filawud da robar gam da ƙananan ƙarafa biyu, zai yi akwatin fensir da kejin tsuntsu shi kaɗai, kuma yatsunsa sun tsira daga guduma. Ko wajen yanka ma, katakon da aka danne a gefen tebur ya fi wanda aka taka da ƙafa aminci.

Abin da ya tsaya mini a rai har muka iso Jibiya shi ne masu waldan Katako suna ƙera manya masu ƙarko, amma ƙananan sai an jira kwantena daga Sin, kuma rabin abin da ke cikin daron ba ya riƙe komai. Guntuwar sandar ƙarfe ce fa, da baki biyu, da sukuru ɗaya. Masu walda na Katako da Panteka da Ƙofar Ruwa, ku gwada ƙera mai santimita 15 da mai 30, ku daidaita bakinsu su haɗu, ku kai makarantun koyon sana'a da rumfunan masu firam ku ga ko za su kwana a hannunku.